Akwatin Read-only na folda ba shi ne ya hana ka ajiye fayil ba

Duk wanda ya taɓa danna maɓallin dama na maus a kan folda a Windows, ya shiga Properties, ya san ɗan akwatin nan da aka rubuta Read-only a gefensa. A kan folda ba za ka tarar da shi wayam ba. A Windows 10 da waɗanda suka gabace shi wani ɗan murabba'i ne a cikinsa, a Windows 11 kuma ɗan gajeren layi ne a kwance. Da zarar fayil ya ƙi ajiyuwa, nan ido ke fara zuwa. Mutum ya cire alamar, ya danna Apply, ya danna OK, ya sake buɗewa ya tarar ta dawo daram. Daga nan sai a fara zargin bairos, ko a yanke hukuncin cewa Windows ya lalace sai an yi fomat. Abin yana damuna ƙwarai, domin ana goge kwamfutar da lafiyarta ƙalau a kan akwatin da ba shi da laifi.

Ka gwada da kanka. Ƙirƙiri sabuwar folda a kan Desktop, kada ka sa komai a ciki, ka duba Properties ɗinta. Akwatin a cike yake. Yanzu buɗe Notepad, ka rubuta kalma biyu, ka ajiye a cikin foldar. Zai ajiyu ba tare da wata gardama ba.

Dalili shi ne akwatin yana da yanayi uku. Akwai alamar maki, akwai wayam, akwai kuma wannan na ukun da ke nufin ba a ba da umarnin komai ba. A kan fayil, akwatin rahoto yake ba ka: maki ko wayam, kuma gaskiya yake faɗa. A kan folda kuwa ba rahoto ba ne, hanyar ba da umarni ce ga fayilolin da ke ciki. Shi ya sa tun daga Windows 7 za ka ga an rubuta a gabansa cewa "Only applies to files in folder". Idan ka cire alamar ka danna Apply, Windows zai bi fayilolin ciki ya cire musu alamar karatu kawai, aikin ya yiwu ke nan. Idan ka sake buɗewa, akwatin ya koma yanayinsa na jiran umarni. Ko sau ɗari ka cire, haka zai koma.

To mene ne alamar R take yi a jikin folda?

Tun zamanin MS-DOS kowane fayil yana ɗauke da 'yan alamomi a jikinsa. Huɗu ne sanannu: R ta karatu kawai, H ta ɓoyewa, S ta fayilolin da Windows ke ɗauka nasa ne, da A wadda ke nuna an taɓa fayil tun bayan kwafin ajiya na ƙarshe. Folda ma tana iya ɗaukar su, sai dai Windows ba ya amfani da R ɗin folda wajen hana rubutu. Wani aiki dabam ya ba ta. Idan File Explorer ya ga R ko S a jikin folda, sai ya leƙa ciki ya nemi wani ɓoyayyen fayil mai suna desktop.ini, inda aka rubuta hoton da foldar za ta ɗauka da sunan da za a nuna. Da haka Documents da Pictures da Music suke samun hotunansu na musamman. Idan ka taɓa sauya wa folda hoto ta shafin Customize, Windows da kansa ya sa mata R a lokacin.

In kana son ganin ainihin alamar da ke jikin folda, hanya biyu ce. Ta farko, ka mayar da File Explorer zuwa Details, ka danna dama a kan layin da aka rubuta Name da Date modified, ka zaɓi More, ka sa maki a Attributes. Wani sabon shafi zai fito mai haruffa: D folda ce, RD folda ce mai R, A fayil ne na yau da kullum, RA fayil ne na karatu kawai. Ta biyu, a Command Prompt, wato tagar da ake rubuta wa Windows umarni da hannu:

attrib "D:\Aiki"

R a jikin fayil

A nan alamar tana aiki, amma ƙarfinta kaɗan ne. Kamar takarda ce da aka manna a jikin ƙofa aka rubuta kada a shiga, alhali ƙofar ba kwaɗo. Word da Excel da Notepad za su buɗe fayil ɗin, su ƙi ajiye gyara a kansa, su tura ka Save As. Amma duk mai ikon gyara fayil ɗin yana iya cire alamar cikin daƙiƙa biyar. Ba ta hana sauya suna, ba ta hana matsar da fayil zuwa wata folda, kuma File Explorer zai goge shi idan ka ce ya goge. Amfaninta kare ka daga kuskuren hannunka, misali takardar da kake kwafa kullum kana cikewa, ba ka son ka rubuta a kan ta asali. Ba kariya ba ce daga wani mutum.

Mafi yawan fayilolin da ke zuwa da R ba tare da ka sa ba, daga faifan CD ko DVD aka kwafo su, ko kuma wanda ya turo maka ne ya sa. Cirewa ga fayiloli da yawa lokaci guda:

attrib -r "D:\Aiki\*" /s

Harafin /s yana nufin a bi har ƙananan foldojin ciki. Za ka ga wasu suna ƙara /d a ƙarshe, wanda ke sa umarnin ya taɓa jikin foldojin su kansu. Ban ba da shawarar haka ba a cikin C:\Users, domin za ka cire R ɗin da ke riƙe da hotunan Documents da 'yan uwanta, su koma rawayar folda irin ta kowa, matsalarka kuma tana nan. Idan hakan ta riga ta faru, attrib +r da cikakken sunan foldar zai dawo da hoton, muddin desktop.ini ɗin yana nan.

Wurin da /d yake da amfani sosai shi ne filash ɗin da ya ɗauko bairos ɗin nan mai mayar da komai Shortcut. Duk mai kai filash shagon buga takardu ko kafe ya san shi: ka dawo gida ka tarar da foldojinka sun koma masu 'yar kibiya a gindi, ko sun ɓace gaba ɗaya, alhali Properties na filash ɗin yana nuna wurin a cike. Ba a goge su ba. Bairos ɗin ya sa musu H da S ne, kuma abin da ke ɗauke da su biyun tare ba ya fitowa ko ka kunna Show hidden files, sai ka ƙara cire makin da ke kan Hide protected operating system files. Kada ka danna ko ɗaya daga cikin masu kibiyar, dannawar ce ke tayar da bairos ɗin. Ka fara sa manhajar kashe bairos ta binciki filash ɗin da kwamfutar, sannan, idan harafin filash ɗin E ne:

attrib -h -s -r E:\*.* /s /d

Dole -h da -s su zo tare a layi ɗaya. Idan ka ba da -h kaɗai a kan abin da ke da S, attrib zai ƙi, ya ce "Not resetting system file". Wani lokaci za ka tarar an tattara kayanka duka a cikin wata folda marar suna. Ka fito da su, ka goge masu kibiyar. Idan kwamfutar ba ta warke ba, da ka mayar da filash ɗin zai sake ɓoye su.

Karanta abin da kwamfutar ta ce

Idan fayil ɗin ba shi da R amma ya ƙi ajiyuwa, to wani abu ne dabam, kuma yawanci Windows ya riga ya faɗi sunansa a cikin saƙon da mutum ya rufe da sauri. Saƙonni uku ne ya kamata ka iya bambancewa. "Access is denied" ko "You need permission to perform this action", wanda lambarsa 5 ce kuma yakan fito a matsayin 0x80070005, maganar izini ce. "The disk is write-protected", lamba 19 ko 0x80070013, faifan ne gaba ɗayansa ya ƙi karɓar rubutu. Saƙon da ke cewa fayil yana buɗe a wata manhaja, lamba 32 ko 0x80070020, wani ne ke riƙe da shi a lokacin.

Na ukun ya fi sauƙi. Rufe manhajar da ke riƙe da shi. Idan ba ka san ta ba, buɗe Resource Monitor, shafin CPU, ka rubuta sunan fayil ɗin a wurin binciken Associated Handles, zai nuna maka ita. Sau da yawa Preview pane na File Explorer ne da kansa, ko Word ɗin da ya maƙale a bayan fage.

Izini, inda makullin gaskiya yake

Faifan da Windows ke zaune a kai tsarinsa NTFS ne, wanda ya zo da Windows NT 3.1 a 1993. NTFS yana ajiye wa kowace folda da kowane fayil jerin sunayen waɗanda aka yarje wa da abin da aka yarje musu. Wannan jerin ne kake gani a shafin Security na Properties. FAT32 da exFAT, waɗanda yawancin filash da memori ke zuwa da su, ba su da wannan jeri ko kaɗan, shi ya sa ba za ka ga shafin Security a kansu ba. Saboda haka idan filash mai FAT32 ya ƙi karɓar fayil, kada ka ɓata lokaci wajen neman izini. Ko an kulle faifan ne, ko ya cika, ko fayil ɗin ya kai gigabait 4, wanda FAT32 ba ya ɗauka.

Matakan izinin da za ka gani su ne Full control, Modify, Read & execute, List folder contents, Read da Write. Biyu na farko ake yawan rikitawa. Modify ya ƙunshi karantawa, rubutawa, gyarawa da gogewa, wato duk abin da aikin yau da kullum ke buƙata. Abin da Full control ya ƙara a kai, mafi muhimmanci, shi ne ikon sauya izinin kansa da ƙwace mallaka. Don haka wanda kake son ya yi aiki a folda, Modify ya ishe shi.

Akwai abubuwa huɗu da idan ka gane su, shafin Security ya daina ba ka tsoro.

Na farko, gado. Folda tana gadon izini daga uwarta, fayil yana gado daga foldar da aka haife shi a ciki. Makin da ka gani ya dushe, ba ya dannuwa, gadonsa aka yi, kuma a sama ake gyara shi. Idan ka kwafi fayil zuwa wata folda, sabon fayil ne, izinin sabon wurin zai ɗauka. Amma wanda aka matsar a cikin faifai ɗaya yana iya tafiya da tsohon izininsa. Wannan ne ke sa ka ga fayil ɗaya tak a cikin foldar da kowa ke amfani da ita ya ƙi buɗuwa ga abokin aiki.

Na biyu, Deny yana rinjayar Allow idan matsayinsu ɗaya. Tsarin da Windows ke bi shi ne: Deny da aka sa kai tsaye, sai Allow da aka sa kai tsaye, sai Deny na gado, sai Allow na gado. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum ya sa Deny a kan Everyone ko Users don ya hana wani, ya manta shi ma yana cikin rukunin, ya kulle kansa a waje.

Na uku, Windows ba da suna yake gane ka ba. Kowane asusu yana da wata doguwar lamba da ake kira SID, tana farawa da S-1-5-21, tana ƙarewa da lamba irin 1001. Rubuta whoami /user a Command Prompt ka ga taka. Idan aka ɗora wa kwamfuta sabon Windows, ko da sunan da ka sa a da ka sake sawa, lambar sabuwa ce. Foldojin da ke kan D: kuwa tsohuwar lambar suka sani. A nan ne za ka buɗe Security ka ga "Account Unknown" da doguwar lamba a gabansa: tsohon kai ne, wanda sabon Windows bai san shi ba. Haka kuma yake idan aka ciro faifan kwamfutar da ta mutu aka jona shi a wata. Wannan shi ne babban sanadin da ke sa mutum ya iya buɗe tsofaffin takardunsa amma ya kasa ajiye gyara, kuma shi ne aka fi ɗora wa akwatin Read-only laifinsa.

Na huɗu, zama Administrator ba ya nufin kowace manhaja da ka buɗe tana da ƙarfin Administrator. Tun daga Windows Vista, tsarin tsaro mai suna UAC (User Account Control) yana buɗe maka manhajoji da ƙarfin mai amfani na yau da kullum, sai wadda ka ce Run as administrator. Don haka foldar da ta ba rukunin Administrators Full control amma ba ta ambaci asusunka da sunansa ba, Word ba zai iya rubutu a cikinta ba ko da kai ne mai kwamfutar. Wannan ne ma dalilin da ba ka iya ajiye fayil kai tsaye a C:\ ko a cikin Program Files.

Gyaran tsohuwar folda irin ta D:\Aiki mataki biyu ne, mallaka sannan izini, domin mamallaki ne ke da ikon sauya jerin ko da babu sunansa a ciki. Properties, Security, Advanced. A sama inda aka rubuta Owner, danna Change, rubuta sunan asusunka, danna Check Names, OK. Sa maki a Replace owner on subcontainers and objects, danna Apply. Rufe tagogin duka ka sake buɗewa, in ba haka ba sauyin ba zai bayyana ba. Sai ka koma Advanced, Add, Select a principal, sunanka, ka ba shi Modify, ka tabbata Applies to yana kan This folder, subfolders and files. A ƙasa, sa maki a Replace all child object permission entries, domin duk abin da ke ciki ya gaji sabon izinin.

Wanda ya fi son umarni, ya buɗe Command Prompt da Run as administrator. Kafin komai a ajiye tsohon izinin:

icacls "D:\Aiki" /save "%userprofile%\izini.txt" /t /c

Sannan waɗannan ukun, ɗaya bayan ɗaya:

takeown /f "D:\Aiki" /r /d y

icacls "D:\Aiki" /grant "%username%:(OI)(CI)M"

icacls "D:\Aiki\*" /reset /t /c

Na farko ya ba ka mallaka har ƙasa. Na biyu ya ba ka Modify a kan uwar foldar, OI na nufin fayiloli su gada, CI na nufin ƙananan foldoji su gada. Na uku ya share izinin da kowane abu na ciki ke riƙe da shi, ya mayar da shi kan gado. A lura %username% a Command Prompt yake aiki, ba a PowerShell ba. Idan ana son dawo da tsohon izinin da aka ajiye ta hanyar icacls da /restore, sunan uwar foldar ake ba shi, wato D:\, ba D:\Aiki ba. Da yawa a nan suke tuntuɓe.

Yanzu ga inda nake roƙon a tsaya. Kada a yi wannan a kan C:\ gaba ɗaya, ko C:\Windows, ko Program Files, ko WindowsApps. Yawancin fayilolin Windows mallakar wani asusu ne mai suna TrustedInstaller, da gangan aka yi haka don kada manhaja ko bairos su taɓa su. Ƙwace su yana iya hana sabuntawa shiga, ya kashe manhajojin Microsoft Store, kuma mayar da su yadda suke ɗaya bayan ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne. Yawanci sai an sake ɗora Windows. Haka nan ba wa Everyone Full control a faifai guda: fayil zai ajiyu, amma ka buɗe wa kowane asusu da kowace manhaja hanyar goge komai. Idan tsohon faifai ne aka jona don a kwashe kaya, a taɓa Documents, Desktop, Pictures da Downloads kawai, a kwafe su, a bar sauran, musamman idan akwai niyyar mayar da faifan cikin kwamfutarsa.

Akwai kuma wasu "Access is denied" da ba matsala ba ne. Documents and Settings a kan C:, da Application Data, My Documents, Local Settings a cikin foldar asusunka, ba foldoji ba ne na gaske. Alamun hanya ne da aka bari don tsofaffin manhajojin zamanin Windows XP, kuma da gangan aka hana buɗe su. Babu komai naka a ciki. System Volume Information ma a bar ta.

Idan izini daidai yake amma har yanzu an ƙi

A cikin Advanced akwai shafin Effective Access. Zaɓi asusunka, danna View effective access, zai lissafa maka abin da ka iya da wanda ba ka iya ba bayan an haɗa duk rukunonin da kake ciki. Idan ya nuna kana da ikon rubutu amma wata manhaja ɗaya ta kasa ajiyewa a Documents ko Pictures, duba Controlled folder access. Ya zo da Windows 10 sigar 1709 a 2017, don hana bairos masu kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa. A kashe yake zuwa, amma idan an kunna shi, yana hana manhajar da bai yarda da ita ba rubutu a waɗannan foldoji, kuma saƙon da manhajar ke bayarwa yakan zama na ruɗu, har ta ce ba ta ga fayil ɗin ba. Hanyarsa: Windows Security, Virus & threat protection, Manage ransomware protection. Duba Block history, sannan ka yi amfani da Allow an app through Controlled folder access ka shigar da manhajar. Wannan ya fi kashe shi gaba ɗaya.

Word da Excel suna da nasu dalilan. Fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet ko imel yana buɗewa a Protected View, da rawayar sanda a sama. Enable Editing ko makin Unblock a Properties zai sake shi, idan ka amince da inda ya fito. Wanda aka buɗe kai tsaye daga cikin zip, a fara fito da shi. Idan kuma saman tagar ya nuna Unlicensed Product, lasisin Office ne, babu izinin da za ka gyara ya warware shi.

Maganar "write-protected" kuwa, fara da hannu. Katin SD da gidan da ake sa ƙaramin memori a ciki suna da ɗan maɓalli a gefe mai rubutun Lock, kuma idan ya yi laushi yakan zame da kansa yayin turawa. Tura shi sama, ko ka sauya gidan. Idan ba shi ba ne, buɗe diskpart, manhajar sarrafa faifai ta Windows, ta hanyar rubuta sunanta a Command Prompt, ka ba da list disk, ka gane faifanka ta girmansa, select disk da lambarsa, sai attributes disk clear readonly. A yi hattara a cikin diskpart, umarnin clean yana share tsarin faifan da aka zaɓa nan take ba tare da tambaya ba. Idan attributes disk ya nuna Read-only: No amma Current Read-only State: Yes, kuma haka yake a wata kwamfutar, to filash ɗin ne ya kulle kansa saboda ƙwaƙwalwarsa ta gaji. Kwashe kayanka a ranar. Fomat ba zai shiga ba.

Akwai abin da ƙwace mallaka ba ya buɗewa: fayil ɗin da aka rufe da EFS, tsarin Windows na kulle fayil da mabuɗin sirri, wanda ke da ɗan hoton kwaɗo a jikinsa ko sunansa ya fito kore. Mabuɗinsa yana cikin tsohon asusun, kuma idan an yi fomat ba a fitar da shi ba, fayil ɗin ya tafi. Faifan da aka kulle gaba ɗayansa da BitLocker kuma sai da mabuɗin ceto mai lamba 48, wanda sau da yawa yana cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar. Duk mai shirin ɗora sabon Windows ya duba waɗannan biyun kafin ya fara. Faifan NTFS da aka jona a Mac shi ma karatu kawai zai yi, haka macOS yake. ExFAT ne ke aiki a ɓangarorin biyu.

Yadda ake mayar da folda ta karatu kawai da gaske

A ce kwamfuta ɗaya ce a gida ko a shago, kana son yara ko ma'aikaci su iya buɗe abin da ke D:\Aiki amma kada su gyara ko su goge. Sharaɗin farko, kowa da asusunsa, kuma nasu ya zama Standard. Wanda ke da Administrator zai iya ƙwace mallaka kamar yadda aka bayyana a sama, don haka babu izinin da zai tsare shi.

Faifai irin D: yakan zo da Authenticated Users suna da Modify, wato duk wanda ya shiga da asusu yana iya gyarawa, kuma foldarka ta gaji wannan. Shiga Security, Advanced, danna Disable inheritance, ka zaɓi Convert inherited permissions into explicit permissions. Kada ka zaɓi ɗayan mai cewa Remove all, zai bar jerin wayam. Kafin ka cire kowa, ƙara asusunka da sunansa ka ba shi Modify, saboda maganar UAC ɗin nan. Sannan ka cire Authenticated Users. Bar Users da Read & execute, bar SYSTEM da Administrators yadda suke, domin manhajar kashe bairos da ta kwafin ajiya da su suke aiki. Ba ka buƙatar Deny ko guda. Wanda ba a ba shi ikon rubutu ba, ba shi da shi.

Sai ka shiga da asusun wancan mutumin ka gwada abu uku: buɗe fayil, ajiye gyara a kansa, da goge shi. Na farko ya yiwu, biyun su ƙi. Ka sani dai wanda ya iya karantawa ya iya kwafa, kuma kwafin da ya sauka a filash mai FAT32 ko exFAT ba ya ɗauke da izinin komai.